Binciken ƙwayoyin gadon bishiyar roba a kwamfuta zalla: bincike ne ko ƙirga?

Autan Ɗalibai:
Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Shawara nake nema kafin in miƙa taken aikina na digiri na biyu. Kuɗin sinadarai babu, injin da ake buƙata kuma sai an je wata jami'ar an biya. Shi ne malamin da ke duba aikina ya ce in nemi abin da za a iya yi da kwamfuta kaɗai. Abin da na tsara shi ne in sauko da kundin gadon bishiyar roba, Hevea brasiliensis, in zaƙulo duk ƙwayoyin gadon da ke samar da enzayim ɗin HMGR, in ƙirga su, in zana bishiyar danginsu, in nuna kuromosom ɗin da kowace take kai, sannan in fitar da siffar furotin ɗin. Na ga takardu da yawa masu wannan fasali. To amma wani abokina ya ce wannan ba bincike ba ne, kwafa ne da mannawa. Gaskiyarsa ne? In ba gaskiyarsa ba ne, ta ina zan fara?

Ɗan Kwamfuta:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Abokinka ya yi wuce gona da iri. Hanyar a buɗe take kuma kyauta ce. Ka shiga NCBI, rumbun bayanan ƙwayoyin gado na intanet, ka sauko da jerin furotin na bishiyar. Ka ɗauko HMGR na ɗan tsiron gwaji Arabidopsis, wanda an riga an tabbatar da aikinsa, ka yi BLAST da shi, wato manhajar da ke nemo jerin da ya yi kama da wanda ka ba ta. Kada ka tsaya nan, ka sauko da tambarin dangin daga Pfam, wanda yanzu yake cikin InterPro, lambarsa PF00368, ka bi jerin furotin ɗin da manhajar HMMER. Abin da hanyoyin biyu suka yi tarayya a kai shi ne jerinka na farko. Daga nan MAFFT ko MUSCLE don jerawa, MEGA don bishiyar dangi, MEME don guntayen da suke maimaituwa, TBtools don zane. Laftof mai matsakaicin ƙarfi ta isa. Data da wuta su ne matsalarka.

Malamar Tsirrai:
Ɗan Kwamfuta ya ba ka hanya, ni kuma tambaya zan yi maka, ɗana. In ka gama ƙirgawa ka ce ƙwayoyin HMGR guda kaza ne, me muka sani wanda ba mu sani ba jiya? Tun 1992 masu bincike suka buga cewa bishiyar nan tana da ƙwayoyin HMGR uku, kuma hmg1 ce ta fi aiki a jijiyoyin madarar roba. A 1995 aka dasa hmg1 ɗin a cikin taba, tabar ta riƙa tara sinadarin sitirol fiye da ƙima, wanda ya nuna enzayim ɗin ƙofa ce mai taƙaita abin da ke wucewa. Da aka karanta kundin gadon gaba ɗaya aka ga sun ɗara uku. Duk an yi wannan. Abokinka bai iya magana ba, amma akwai abin dubawa a maganarsa. Ni ba na ƙin aikin kwamfuta. Abin da nake ƙi shi ne aikin da ba shi da tambaya, a tara zane-zane goma masu launi a ce an yi bincike.

Mai Ƙaro:
Ku yi haƙuri da mu 'yan kasuwa da muka shigo zauren masu ilimi. Ni harkar ƙaro nake yi ta wajen Gashuwa, kuma reshen da ke binciken ƙaro a can na Cibiyar Binciken Roba ta Najeriya ne, wadda hedikwatarta take Iyanomo kusa da Binin. Shi ya sa maganar ta ja hankalina. Don Allah wani ya yi mana bayani da Hausar kasuwa: mene ne HMGR ɗin nan, kuma me ya haɗa shi da tayar mota?

Malamar Tsirrai:
Alhaji, ai tambayarka ta fi tamu. Ganyen bishiyar yana haɗa sukari da hasken rana, sukarin ya gangaro ta bawo ya shiga wasu jijiyoyi na musamman masu ɗauke da madara. A can ake farfasa shi mataki-mataki, kowane mataki da enzayim ɗin da ke yin sa, har a samu wani ɗan ƙaramin sinadari mai kabon biyar da ake kira IPP. HMGR yana tsakiyar wannan hanya, shi ke mai da HMG-CoA ya zama mebalonet. Irin enzayim ɗin ne ma a hantar ɗan Adam, shi magungunan rage kitsen jini na sitatin suke toshewa. Daga nan wani enzayim daban yake ɗaukar IPP yana ɗaurawa ɗaya bayan ɗaya, sarƙa ta yi ta tsawo har ta wuce guda 10,000. Wannan doguwar sarƙa ita ce roba. Tsawonta ne ya sa har yau tayar jirgin sama da ta manyan motoci ba sa rabuwa da robar bishiya, duk da akwai ta man fetur. Kusan kashi 70 cikin ɗari na robar bishiya a taya take ƙarewa.

Ƙaronka kuwa wani abu ne daban, dangin sukari ne da ɗan furotin, shi ya sa yake narkewa a ruwa, roba ba ta narkewa.

Tsohon Malamin Gona:
Salamu alaikum. Na yi aikin gona a kudu kafin in ajiye aiki, na kuma ga yadda ake tsagar roba da idona. Yaro, kafin ka nutse cikin kwamfuta ka san bishiyar tukuna. Ana shuka ta a jira shekara 5 zuwa 7, sai kaurin gindinta ya kai kamar santimita 50 sannan a fara tsaga. Da asuba ake fita, kafin rana ta fito, lokacin da ruwa ya cika jikin bishiyar madara ta fi gudu. A fere bawon siriri a karkace, daga hagu sama zuwa dama ƙasa, a rataya kofi. In wuƙa ta yi zurfi ta taɓa itacen an lalata wurin. In ana son madarar ta zauna ruwa a zuba mata amoniya, in ana son ta daskare a zuba asid.

Abin da ke damun manomi ba yawan HMGR ba ne. Abin da ke damunsa shi ne ranar da zai tsaga bawo ya tarar da shi a bushe, bishiya tana tsaye kore shar amma ba ɗigo ɗaya. Ya fi faruwa a irin da ke ba da madara sosai, da kuma inda aka matsa wa bishiya da yawan tsaga da maganin ƙara madara. In kwamfutarka za ta gaya mana dalilin wannan, to ka yi aiki.

Ɗan Kwamfuta:
Baba, Allah ya ƙara girma. Bushewar bawon nan an daɗe ana bibiyarta, kuma inda aka fi karkata shi ne gurɓataccen iskar oksijin mai ƙona tantanin halitta yana taruwa a cikin madarar, ya fasa wasu ƙananan jakunkuna da ake kira lutoyid, abin da ke cikinsu ya fito ya daskarar da madarar tun tana cikin jijiya. Enzayim masu share wannan guba, irin su SOD da katalas, an yi ta ƙirga danginsu a kwamfuta.

Amma Malama, ban yarda a raina ƙirga ba. A 2016 wata tawaga a Sin ta buga kundin gadon irin Reyan7-33-97, wajen haruffa biliyan 1.37 da ƙwayoyin gado kusan 44,000. Babban abin da suka gano ƙirga ne: dangin REF da SRPP, furotin ɗin da ke lulluɓe ƙwallayen roba a cikin madara, sun kai 18 a wannan bishiya, fiye da na sauran tsirran da aka gwada. Ba da kwalba aka gano wannan ba, da kwamfuta ne. Kuma ki duba tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a fitar da sabon irin roba ta hanyar aure da zaɓe, shekara 25 zuwa 30. Duk abin da zai rage wa mai kiwon iri lalube cikin duhu ai ya biya kuɗinsa.

Malamar Tsirrai:
Misalinka ya yi, amma ya fi goyon bayana. Sun ƙirga ne suna kwatanta da wasu tsirrai, suna da tambaya: me ya sa wannan bishiya ta fi sauran tsirrai sama da 2,000 masu yin roba? Bari in ba ka nawa misalin. Enzayim ɗin da ke ɗaura sarƙar, wanda ake kira CPT, an samo ƙwayoyin gadonsa biyu daga madarar Hevea tun 2003, aka sa musu HRT1 da HRT2. Kwamfuta ta ce ga dangin, ga wuraren da ba sa canjawa, komai daidai. Aka sa su cikin bakteriya da yis, sai gajerun sarƙoƙi suka riƙa fitowa, roba ta ƙi. Sai a 2016 masu bincike a Jami'ar Tohoku ta Japan suka haɗa HRT1 kai tsaye a jikin wankakkun ƙwallayen roba, sannan doguwar sarƙa ta fito. Suka kuma nuna akwai wani furotin, HRBP, da ke haɗa HRT1 da REF. Wato enzayim ɗin ba ya aiki shi kaɗai, kuma wurin da yake zaune ma yana cikin aikinsa. Shekara 13 kenan tsakanin samun jerin haruffa da tabbatar da aikin. Wace manhaja ce za ta gaya maka wannan daga jerin haruffa?

'Yar Asibiti:
Ina bin ku a hankali, sai na ga REF da SRPP. Mu a asibiti da wasu sunaye muka san su: REF shi ne Hev b 1, SRPP shi ne Hev b 3. Suna cikin furotin ɗin da ke sa wasu mutane borin jini da kumburi in sun taɓa safar hannu ta roba, musamman yaran da aka haifa da tsagewar ƙashin baya, waɗanda ake yi wa tiyata a kai a kai. Ma'aikatan jinya kuma Hev b 5 da Hev b 6 suka fi kama su. Shi ya sa wasu wuraren suka koma safar nayitiril. To in masu kiwon iri suka ƙara yawan REF don madara ta ƙaru, mu fa?

Ɗan Kwamfuta:
Yaya, tambaya ce mai kyau, kuma tana cikin dalilan da suka sa Amurka ta daɗe tana gwada wani tsiron hamada mai suna gwayule, wanda madararsa ba ta tayar wa masu wannan matsalar. Rasha kuma tun zamanin Tarayyar Sobiyet ta gwada wata ciyawa ta Kazakistan mai roba a saiwa. Duk an karanta ƙwayoyin gadon robarsu, kuma kwatanta su da na Hevea aikin kwamfuta ne.

Na Abidjan:
Gaisuwa daga Kwaddibuwa. A nan roba ta zama abin da kowa ke magana a kai, mutane da yawa sun sare koko sun dasa ta saboda ita kusan kowane wata tana kawo kuɗi. Ƙasar nan ce kan gaba a Afirka, abin da take fitarwa a shekara ya wuce tan miliyan 1, ta shiga sahun Tailan da Indonesiya da Biyetnam. Amma abin da na lura, gona bayan gona iri ɗaya ne ko biyu, duk 'yan aure ne daga uwa guda. Ranar da cuta ta zo wa wannan irin fa?

Tsohon Malamin Gona:
Ɗana na Abidjan, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Asalin bishiyar nan dajin Amazon ne. A 1876 wani Bature, Henry Wickham, ya kwashi 'ya'yanta 70,000 daga Barazil ya kai lambun Kew a Ingila. Waɗanda suka tsiro ba su kai kashi 4 cikin ɗari ba. Daga cikinsu aka aika Silon, wato Siri Lanka ta yau, aka aika 22 Singafo a 1877. Galibin robar da ke Asiya da Afirka yau jikokin wannan ɗan tsirarun ne. A can gida Barazil kuwa akwai cutar ganye da ta hana a yi manyan gonaki. Henry Ford mai motoci ya kafa gari guda a bakin kogin Tapajos a 1928 don ya noma robarsa, cutar da ƙwari suka cinye gonar, a 1945 kamfanin ya sayar wa gwamnatin Barazil ya tafi. Har yanzu cutar ba ta tsallako teku ba, Allah ya kiyaye. A 1981 cibiyoyin binciken roba na duniya suka haɗu suka koma jihohin Acre da Rondonia da Mato Grosso suka tattaro irin daji, don a faɗaɗa jinin. Wannan shi ne tarihin da nake so ɗalibi ya sani kafin ya buɗe laftof.

Autan Ɗalibai:
Na gode Baba, na gode Malama. Jikina ya yi sanyi da HMGR. Amma Malama, takardun da na gani suna da sashe guda kan gaban ƙwayar gado, inda ake cewa an samu alamun amsa fari da na haske da na iskar etilin. Wannan ai sakamako ne ko?

Ɗan Kwamfuta:
A nan kam ina tare da Malama tun kafin ta yi magana. Ɗauki biro ka lissafa. Haruffan DNA huɗu ne. Alama mai harafi shida tana da yiwuwar fitowa sau ɗaya a cikin 4,096 ko da haruffan a hargitse suke. Kai kuma za ka ɗauki haruffa 2,000 na gaban ƙwayar gado, igiya biyu, wurare kusan 4,000 kenan. Ka ga kusan kowace alama za ta fito sau ɗaya ko ba ta da wata ma'ana. Shi ya sa duk ƙwayar gadon da aka sa a PlantCARE, shafin da ke nemo waɗannan alamu, sai ta fito tana amsa fari da haske da sanyi. In za ka yi, ka kwatanta da ɗaruruwan ƙwayoyin gado da ka ɗebo ba zaɓe, ka ga ko naka sun fi su da gaske.

Haka Ka/Ks, lissafin da ke kwatanta canjin haruffan da ke sauya furotin da wanda ba ya sauya shi. Kusan duk ƙwayar gado mai aiki lissafinta ƙasa da 1 yake fitowa. A rubuta shafi guda a kan haka ɓata tawada ne.

Akwai tarko na uku da ya shafi bishiyar nan musamman. Sama da kashi 70 cikin ɗari na kundinta maimaici ne, kuma abin da ta gada daga uwa ya bambanta sosai da na uba. Kundin farko na irin RRIM 600 da aka fitar a Maleshiya a 2013 guntu-guntu ne. A irin wannan, ƙwayar gado ɗaya takan tsinke biyu a ƙirga ta biyu, ko a ƙirga ta uwa daban ta uba daban. Sai a 2020 aka samu na irin GT1 wanda aka jera bisa kuromosom 18. Don haka kada ka dogara da kundi ɗaya. Ka nemi danginka a cikin uku, abin da ya fito a duka shi za ka tsaya a kai.

Malamar Tsirrai:
Madalla. Ƙari ɗaya: samun ƙwayar gado a kundi kamar samun suna ne a takardar albashi, bai nuna mutumin yana zuwa ofis ba. Wasu sun mutu tuntuni sunansu ne ya rage, wasu a ganye kawai suke aiki, wasu sai an ji wa bishiyar rauni. Abin da zai nuna maka mai zuwa aiki shi ne bayanan RNA, kuma akwai su jibge a rumbun SRA kyauta, na madara da bawo da ganye da saiwa. Bishiyar nan ma ta yi wa mai bincike gata. Madarar da ke zuba a kofi ita ce ruwan cikin tantanin jijiyar kansa, don haka RNA ɗin madara na nau'in tantani guda ne, ba cakuɗe ba. A yawancin tsirrai sai an sha wuya ake samun haka.

Daga irin waɗannan bayanai ne aka gane wani abin da ya saɓa wa zato. Maganin ƙara madara da Baba ya ambata, wato etefon, wanda ake shafawa a bawo ya saki etilin, kowa zai ɗauka enzayim ɗin haɗa roba yake zaburarwa. Ashe yawancin aikinsa shi ne ya sa madara ta daɗe tana zuba kafin bakin tsagar ya toshe, ya kuma ƙara jawo sukari da ruwa cikin jijiyar. Mai ƙirga HMGR kaɗai ba zai ga wannan ba.

Mai Ƙaro:
To ni tambayata, me ya kai ɗan Arewa binciken bishiyar da ba ta fita a garinsu? Ita tana son ruwan sama wajen milimita 2,000 a shekara, mu a Yobe rabin rabinsa muke roƙo. Ga gamji nan, kakanninmu sun sayar da danƙonsa har Turawa suna kiransa robar Kano. Ga tumfafiya ko'ina da farar madara. Ga ɗakwara mai ba mu ƙaro. Ba za a duba su ba?

Ɗan Kwamfuta:
Alhaji, aikin kwamfuta sai da kundin da wani ya riga ya karanta ya ajiye. Roba tana da kundi da yawa saboda masu taya da gwamnatocin Asiya sun zuba kuɗi. Kuma ba kowace farar madara ce ke da doguwar sarƙa ba, ta tumfafiya ma guba ce mai taɓa zuciya. Amma wanda ya iya aikin a kan roba, ranar da aka ba shi bayanan ɗakwara hanya ɗaya ce zai bi.

Malamar Tsirrai:
Alhaji ya buɗe ƙofar da nake son Auta ya shiga. Bishiyar roba 'yar gida ɗaya ce da rogo da zurman da bini-da-zugu. Ita da rogo kowace kuromosom 36 gare ta, wato tagwaye 18, kuma kakansu ɗaya ya ninka kundin gadonsa kafin su rabu, abin da bai faru da zurman ba. Roba da rogo dukansu suna yin linamarin, sinadarin da ke sakin gubar sayanayid, wanda saboda shi ake jiƙa rogo a tsuma shi a soya kafin a ci gari. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo. Ga alaƙa ta gaskiya, ba ta ƙaƙale ba.

Enzayim na ƙarshe a wannan hanya shi ne HNL, mai fasa sinadarin tsakiya ya saki gubar. Na Hevea an san siffarsa tun 1996, amino asid 257 ne, kuma masana'antu suna amfani da shi wajen haɗa sinadaran maganin ƙwari. A rogo kuma HNL yana da yawa a ganye, a saiwa kusan babu, shi ya sa gubar take daɗewa a rogon da ba a sarrafa da kyau ba. A roba abin ya zo da juyi. Tun ƙarshen shekarun 1980 aka nuna cewa irin da ya fi sakin sayanayid ya fi kamuwa da cutar ganyen da Baba ya ba da labari, domin gubar tana hana ganyen haɗa nasa maganin kare kai, cutar kuwa tana jure mata.

To ga tambaya: a cikin dangin da HNL ya fito, nawa ne HNL na gaskiya a roba, nawa ne a rogo, kuma a wane sashen jiki kowanne yake aiki?

Ɗan Kwamfuta:
Kai, wannan ta yi daɗi, amma Auta ka yi hattara, BLAST zai yaudare ka. HNL yana cikin wani babban dangi ne mai cike da enzayim masu kama da shi waɗanda aikinsu daban, irin SABP2 na taba, wanda wani sinadari mai suna esta yake fasawa. A 2010 aka nuna cewa canza amino asid biyu kacal a SABP2 ya isa ya sa shi fara aikin HNL. Ka ga kamannin kashi kaza cikin ɗari ba zai raba maka su ba. Sai ka jera su ka dubi amino asid ɗin da ke gurbin aikin ɗaya bayan ɗaya: Ser80, Asp207, His235, da kuma Thr11 da Lys236 waɗanda su ne suka bambanta HNL. A nan AlphaFold, mai hasashen siffar furotin, zai taimaka, ka ɗora siffar kowanne a kan ta HNL da aka sani ka ga ko ramin ya yi daidai.

Malamar Tsirrai:
Zai taimaka, amma a rubuta “ana hasashen”, kada a rubuta “an tabbatar”. Na san an ba masu AlphaFold kyautar Nobel a 2024, ba na musu. Siffa yake bayarwa, ba ya auna aiki. Kuma don Allah Auta, kada in ga an liƙa linamarin a ramin furotin a kwamfuta an ce lamba kaza ta nuna yana aiki. Linamarin ma ba abincin HNL ba ne, na linamaras ne, enzayim ɗin da ke fara fasa shi kafin a kai ga HNL. Na sha ganin wannan kuskuren a takardun da aka kawo min dubawa.

Ɗan Kwamfuta:
Malama, a kan liƙawar nan ba mu gama ba. In an yi ta da abin gwaji, wato a fara da HNL na gaskiya da SABP2 a ga ko manhajar ta iya raba su, tana da amfani.

Malamar Tsirrai:
In ta raba su ka kawo min in gani, sai mu sake zama.

Autan Ɗalibai:
Allah ya saka da alheri. Zan kai wa malamina maganar HNL a roba da rogo. Abu ɗaya ya rage: in masu jarrabawa suka ce ina gwajin ɗakin bincike fa?

Malamar Tsirrai:
Ka nemi ganyen rogo da saiwarsa, ba su da tsada. Takardar fikiret da ake gwada sayanayid da ita tana canja launi daga rawaya zuwa ja-ja, kuma ana iya haɗa ta a kowane sashen kimiyyar sinadarai. In ka samu ɗan tallafi, ka zaɓi ƙwayoyin gado biyu ko uku da kwamfuta ta fi nunawa ka yi musu qPCR, gwajin da ke auna yawan RNA ɗinsu, kada ka ce duka za ka yi. Ganyen roba kuma ka rubuta wa cibiyar Iyanomo ta hannun sashenku. A sa shi cikin sanyi tun daga gona, RNA ba ya jira.

Tsohon Malamin Gona:
In za ka je, ka roƙi 'ya'yan bishiyar ma. A kudu ana tsintar su a matse mai, tunkuzar a ba kaji da aladu, amma ba a ba da sabo, sai an ajiye shi ya kwana biyu ko an jiƙa an shanya, gubar ta ragu. Ka gwada sabo da wanda ya yi wata a ajiye da takardar nan ta Malama. Lokacin zubar 'ya'yan gajere ne, wajen Agusta zuwa Satumba, don haka ka tsara tafiyarka da wuri.

Ɗan Kwamfuta:
Auta, kundin rogo yana Phytozome, sai ka yi rajista amma ba a biya. Jerin furotin kawai za ka fara saukowa, ba ya cin data sosai. Fayilolin RNA ne masu nauyi, kowane ɗaya yakan kai gigabait da dama, su kam kada ka sauko da su, ka yi aikinsu a Galaxy ta intanet. In HMMER ya ƙi hawa laftof ɗinka ka turo hoton abin da ya rubuta a nan zauren.